Ban Taɓa Sha Ba, Amma Na Dafa

Kowane ɗan Adam yana da abin da yake taƙama da shi. Wani dukiya, wani dangi, wani digiri. Ni da ban samu ko ɗaya daga ciki yadda ya kamata ba, sai na riƙe nawa abin tinƙahon hannu bibbiyu: tun da uwata ta haife ni giya ba ta taɓa shiga bakina ba. Na san a birnin Kano wannan ba wata bajinta ba ce, don ko ɓarawon da ya ɗauke min takalmi a masallacin Juma'a mai yiwuwa shi ma bai taɓa sha ba. Amma dai mutum ba ya rasa abin da zai ɗaga kafaɗa da shi.

Akwai wani abokin aikina a ofis, mutumin Filato, Kirista, wanda in yana cikin nishaɗi Hausar bakinsa ta fi tawa daɗi. Shekara da shekaru in an tashi daga aiki Sabon Gari yake nufa, ya jiƙa maƙoshi sannan ya wuce gida. Shi ba ya ɓoyewa, mu ba ma tambaya. Kwatsam likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau, hantarsa kuma ta fara ƙorafi, ya tsara masa yadda zai riƙa ragewa har ya bari. Ya bi, ya bari. Sai dai da yamma ka gan shi zugum a kujera, kowa ya watse, shi ya rasa inda zai sa kansa. Ran nan ya juyo ya ce min, "Alaji, don Allah in tambaye ka. Ku da ba ku sha, in kai ya ɗau zafi me kuke yi?"

Ba wanda ya taɓa yi min wannan tambaya, ni ma ban taɓa yi wa kaina ba. To amma ina Bakano zai ce bai sani ba a gaban baƙo? Na gyara zama, na gyara hula. Na ce masa mu sama da shekara 1400 ke nan muna rayuwa ba barasa, kuma ko haramcin ba dare ɗaya ya sauka ba: a Suratul Baƙara aka fara nuna cutarta ta fi amfaninta, a Suratun Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, sannan Suratul Ma'ida ta rufe ƙofa ruf. Na ƙara masa da na masu farar riga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, a farkon 2023 kuma ta fito fili ta ce babu wani adadi nata da za a sha a ce ba illa. Na ce ko barcin da mashayi ke alfahari da shi na bogi ne, ya kwantar da kai da wuri, ya tashe ka tsakar dare, ka wayi gari jiki a mace. Ya bari na kai aya, sannan ya ce, "Duk likita ya faɗa min wannan. Ni tambayata, me kuke yi?"

Na ce ya bar komai a hannuna.

Da goro na fara, don shi ne a aljihuna. Na ɓantaro masa daushe mai kyau, na haɗa masa da tarihi kyauta. Na ce kakanninmu fatake wata da watanni suke yi a hanya da jakuna har Gwanja, kasuwar Salaga a ƙasar Ghana ta yau, saboda wannan ɗan abu. Na ce ko Coca-Cola ɗin da duniya ke sha daga nan ta samo rabin sunanta: wani mai haɗa magunguna a birnin Atlanta na Amurka, John Pemberton, yana da wani abin sha na ruwan inabi, da aka hana giya a garin a 1886 sai ya cire inabin ya fito da mai zaƙi, da ganyen koka da goro a ciki. Wato tun a ƙarni na 19 Bature ya fita neman madadin giya ya ƙare a goronmu. Mutumina ya gatsa, ya yamutsa fuska, ya tambaye ni ko wani laifi ya yi min. Ya ce ai wannan shi direbobin tirela ke tauna don kada su yi gyangyaɗi a hanyar Legas, yaya za a yi ya kwantar wa mutum da hankali? Na ce bakinsa ne bai saba ba, na karɓe sauran na cinye.

Daga nan na kai shi wurin mai gadin layinmu, wani Buzu daga wajen Agadas, mutum mai ƙarancin magana da yawan shayi. Duk wanda bai taɓa zama a gaban Buzu yana haɗa shayi ba, ya yi asarar wani abu a duniya. Ɗan murhun waya, gawayi kaɗan, 'yar buta shuɗiya da ba ta fi tafin hannu ba, koren ganyen shayi na ƙasar Sin, sukari, na'a-na'a. Ya ɗaga butar sama ya tsiyaya a ɗan finjali, ya mayar, ya sake, har kumfa ta hau. Zagaye uku ake yi da ganye ɗaya: na farko baƙi ƙirin mai ɗaci, na biyu ya sassauta, na uku zaƙi ne da ƙamshi. A Yamai da Damagaram samari sun gina fada guda a kan wannan butar, su kwana suna hira. Ba a yi wa shayin nan gaggawa, kuma a nan daɗinsa yake.

Da Buzu ya miƙo na farko sai ya ce, "Alhaji, wannan namu ne na masu gadi. Mai son barci na uku yake jira." Mutumina ya ji magana, ya janye hannu. Ni kuwa na ce ɗan Kano ne ni, da shayi aka yaye mu, na shanye nawa na ɗora da nasa, a kan goron da ke cikina tun la'asar. Abin da Buzu ya sani ba tare da ya shiga aji ba shi ne sinadarin kafeyin da ke cikin shayi da goro ba ya barin jiki da wuri. Bayan kamar awa biyar rabinsa ne kawai ya fita. Wanda ya sha da ƙarfe goma na dare, ƙarfe uku na tsakar dare rabin yana nan yana zagaya jininsa.

Nawa kam bai ma yi niyyar fita ba. Na kwanta ido biyu, ƙirjina na dukan uku-uku. Na tuno kuɗin makarantar yara, na tuno kuɗin haya, na tuno wani malami da ya zane ni a firamare kan laifin da ba nawa ba, na shirya masa amsar da ta dace. Can na ji yatsuna suna rawa, sai na tabbata lokaci ya yi. Na taɓa uwargida na ce ta tashi ta ɗauko biro da takarda. Ta tashi a firgice tana salati. Na fara ba ta wasiyya, wanda nake bi da wanda ke bi na, suna bayan suna, don kada in je kabari da nauyin kowa. Tana rubutu tana share hawaye har muka iso kan kuɗin da na ranta wa ƙanena, a watan da na rantse mata ba ni da ko sisin yi mata ankon bikin ƙanwarta. Biro ya tsaya, hawaye ya ɗauke. Ta ce, "Malam, in dai ba yanzu-yanzu za ka cika ba, mu tsaya a kan wannan layin tukuna." Ban cika ba. Mun tsaya a kan layin har aka kira assalatu.

Da safe oga ya same ni na kifa kai a kan fayil ina munshari. Mutumina, wanda na uku kawai ya sha, ya ce shi ya yi barci lafiya lau, kuma zaman ya yi masa daɗi. Na ɗauki wannan a matsayin nasarata.

Lemon malt bai daɗe a jerin ba. Mutumina ya fara tuna min cewa yawancinsa kamfanonin giya ne ke yi, ni kuma na tuna Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin babban mutum ya wuce kamar giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, ga shi kwalbar lemo guda kan cinye fiye da rabin wannan. A gudu hanta a faɗa ciwon sukari, an gudu ba a tsira ba. Kunun aya kuwa, wanda na yaba masa da cewa ayar daga gonakin Maraɗi ake kawowa, yaron da ke sayarwa ne ya ɓata min shiri. Da na ce a ƙara dabino da kwakwa sai ya dube mu, mu biyu masu furfura, ya kashe ido ɗaya ya ce, "Alhaji, amarya za a yi ne?"

A hanyar dawowa mutumina ya faɗi wata magana da ta tsaya min a rai. Ya ce, "Alaji, ku fa kuna da naku, kwalbar ce kawai ta fi tamu ƙanƙanta." Na so in musa, na rasa ta inda zan fara. Duk mun ga rahoton da BBC ta yi a 2018 kan maganin tari mai kodin, da Kano a tsakiyarsa, har gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a shekarar. Matan aure, 'yan makaranta, samari, mutanen da ko an ɗora musu wuƙa ba za su taɓa giya ba, amma kai ya ɗau zafi, ba wanda ya nuna musu inda za su sauke shi. Laifi tudu ne, in ji masu magana. Na yi shiru har muka rabu, abin da ba kasafai yake faruwa da ni ba.

Sai motsa jiki. Likitoci sun ce aƙalla minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri, yana rage damuwa, yana gyara barci, yana sauke jini. Na je Ƙofar Wambai na sayo rigar 'yan wasa ta gwanjo da takalmin kambas, na fito bayan asuba ina cilla hannu. Matsalar ita ce a unguwarmu magidanci mai mota ba ya tafiya a ƙasa sai da dalili. Ban kai bakin titi ba mutum na farko ya tsaya. "Alhaji, lafiya? Ina motar?" Na ce motsa jiki nake yi. Ya ce, "Allah Sarki, Allah ya kawo mafita." Mai adaidaita sahu ya ce in hau kyauta. Wani maƙwabci ya kama hannuna kamar gaisawa za mu yi, ya danƙa min kuɗi a dunƙule, ya wuce da sauri don kada in ji kunya. Kafin magariba labari ya zaga cewa bashi ya cinye motar, har surukata ta bugo waya tana tambayar 'yarta ko akwai abinci a gidan.

Don guje wa idon jama'a na ce mu koma Dutsen Dala, inda ba wanda ya san ni. Na yi masa bayanin Barbushe da Tsumburbura tun daga ƙasa, da ma a ƙasan ya kamata in yi, don ban kai rabin matakalar ba numfashi ya ƙare. Na zauna na ce ina kallon gari ne. Almajirai suka wuce ni da gudu, wata tsohuwa ta wuce ni tana yi min sannu. Shi kuwa ɗan Filato, wanda a kan duwatsu aka yanke masa cibi, ya haye ya sauko yana murmushi, ya ce rabon da ya ji kansa sakayau haka tun yana saurayi. Uwargida ta kwana tana gasa min gwiwa, tana shafa man zafi da ƙarfin da na san na kuɗin anko ne.

Ya rage min zoɓo, kuma shi ne babban makamina. Zoɓo ba abin rainawa ba ne. Misirawa suna sha, 'yan Senegal suna sha, Meziko kuwa daga gonakin Jigawa da Kano take sayen nata buhu-buhu. Masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun wallafa a 2010 cewa mutanen da jininsu ya ɗan hau, da suka sha kofi uku kullum har mako shida, lambar sama ta awonsu ta sauka da kamar 7. Ga ja, ga sanyi, ga ɗan tsami, a zuba a kofin gilashi ya cika ido. Uwargida ta ce in bari ta haɗa. Na ce wannan ba zoɓon biki ba ne, harkar magani ce, ni zan yi da hannuna.

Na dafa zoɓo da citta da kanumfari. Na zuba sukari har sai da zuciyata ta kwanta. Mata kan tafasa ɓawon abarba tare da shi don ƙamshi, amma ni na gani a Facebook cewa wuta na kashe amfanin abinci, don haka na jira ya huce na watsa ɓawon ɗanye. Na ɗura a jarka, na murɗe murfi tam, na sa a firji. A daren tiransifomar unguwa ta ƙone. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke haura 40. Jarka ta zauna a firjin da ya koma akwati, ni kuma hidimar ƙarshen wata ta sha kaina, sai da ta kwana huɗu ko biyar na tuna da ita.

Daren da zan gayyace shi na ce bari in ɗanɗana. Na sassauta murfi, ya yi wani ɗan huci, na ce ƙarfin citta ne. Na kurɓa, na ji yana cizon harshe, da wani tsami mai daɗi da ban taɓa ji a zoɓon uwargida ba. Na shanye na ƙara. Daren nan na yi dariya kan labaran ƙarfe tara, waɗanda duk tsadar man fetur ce a ciki. Na faɗa wa uwargida cewa ita ce ta fi kowace mace kyau a layinmu. Ta dube ni ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa?" Na ce ai na gano magani. Na murɗe murfin da ƙarfi, na kwanta.

Washegari bayan la'asar mutumina ya zo, na shimfiɗa tabarma a zaure. Allah da ikonsa ga limamin unguwa zai wuce, sai na ce ba zan yi aikin alheri a ɓoye ba, na kira shi ya shaida yadda na raba bawan Allah da kwalba. Ya shigo da farar rigarsa ya zauna. Na ɗauko jarka, na lura ta yi ciki, na ce zafi ne. Na murɗa. Fus! Murfi ya tashi ya bugi rufin zaure, jar kumfa ta yi tsiri ta sauka a kan Liman tun daga rawani har gwiwa, ka ce rago aka yanka a cinyarsa.

Ba wanda ya yi magana. Mutumina ya matso da hanci, ya shaƙa sau ɗaya, ya ja da baya. Bai kai baki ba, ba ya bukata.

"Alaji, wa ya koya maka?"

Na ce me?

Ya ce a jikin ɓawon abarba akwai yis, irin wanda ke kumbura burodi. In ya samu sukari da ɗumi da rufaffen wuri sai ya cinye sukarin, ya fitar da iska da barasa. Ya ce a ƙauyensu sai mata sun jiƙa dawa ta tsira, su shanya, su niƙa, su dafa, su jira, kafin burkutu ya samu, ga shi ni na yanke hanya ba gumi. "Wallahi hannunka na da kyau," in ji shi, yana danne dariya. Daga baya ɗana ya binciko a intanet cewa a Meziko ɗin nan dai da gangan suke yin irinsa da ɓawon abarba da sukari, har suna gare shi, tepache.

Liman na goge gemu da gefen rawani ya tambaye ni a hankali, "Alhaji, an sha?" Ina neman amsar da ba ƙarya ba ce kuma ba gaskiya ba, sai murya ta fito daga bayan labule: "Kofi biyu, Allah gafarta Malam. Har yabo na na sha." Liman mutum ne mai ilmi da haƙuri. Ya ce abin ba sabo ba ne, ya zo a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage ba ya bari ya wuce haka. Ya ce wanda ya sha bisa rashin sani ba laifi a kansa, a zubar da sauran. Ya miƙe, ya dubi rigarsa, ya ce, "Sai dai nan gaba in an dafa a daina gayyatar malamai."

Zubarwar ma sai da na jira dare ya raba. A garin da Hisbah, tun kafa ta a 2003, take tara kwalaben giya a murƙushe su a bainar jama'a, ba na son a ji warin nan daga kwatar gidana. Ina tsiyaya ina jiyo muryar mai gabatar da shirin rediyo na Inda Ranka a kunnena yana karanto sunana da na unguwarmu. Har gobe ina nan kan bakana cewa da an gyara tiransifoma a kan lokaci da ba a yi haka ba.

Mutumina dai ya samu abin da yake nema, kuma shi ya gano shi da kansa. Ya ce da ya zauna ya yi tunani, ba kwalbar yake kewa ba, bencin yake kewa: wurin da za ka zauna da yamma ba oga ba fayil, a yi musun ƙwallo, a zagi gwamnati, a yi dariya, ka shiga gida kai ya huce. Yanzu bayan isha'i yana majalisarmu a gaban Buzu, ana dara yana jiran zagaye na uku. Ran Asabar yana kan Dala. Zoɓo matarsa ke haɗa masa ba sukari. Likitansa ya ce jinin ya sauka.

Ni kuwa uwargida ta tasa ni gaba zuwa asibiti, aka auna aka ce nawa ya hau. Likita na cike takarda ya tambaye ni, ba tare da ya ɗago ba, ko ina shan giya. Na daɗe ban amsa ba, har sai da ya ɗago kai. An hana ni goro bayan azahar, an hana ni zagayen farko, an rage min sukari, an ce in nemi abokin tafiya mai ƙwazo. Mutumina ke zuwa ya buga min ƙofa ran Asabar, yana ce min ɗalibinsa.

Mai karatu, in kana da ɗan'uwa ko maƙwabci da ya daɗe yana sha da yawa, kada ka ce ya yanke dare ɗaya ba tare da likita ba, don hakan kan jawo karkarwa da farfaɗiya, har a rasa rai. Ɓawon abarba kuma a tafasa shi tare da zoɓo, in ba wuta a sha a ranar, in murfi ya yi huci a zubar. Wanda kuma ya ji labarin jarkar nan a bakin 'yan unguwarmu, ya sani mai lita biyar ce, ba mai ashirin da biyar ba kamar yadda suke yaɗawa.